Harafi Biyu da Suka Ɓace Ranar Rabon Taki

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani ofishin gona a Tudun Wada, ni kaɗai ne mai taɓa kwamfuta. Na ɗan koyi rubuta manhaja a Kano, don haka na haɗa wata ƙarama da ke fitar da sunayen manoman da za a ba taki, unguwa-unguwa.

Ranar rabo ruwa ya riga ya sauka, masara na jira. Tun da hantsi mutane suka cika harabar, wasu daga Doguwa suka taso. Da safen nan na kwashe sunayen daga faifai na mayar cikin kwamfutar, na gyara adireshin fayil ɗin sunayen a manhajar ya koma C:\taki\noma.dat. Na danna. Ta ce babu fayil ɗin.

Na sake dannawa. Babu.

Shugaban ofishinmu ya leƙo. "Malam, motar taki ta wuce Kwanar Dangora. Ina takardun?"

"Yanzu, Yallaɓai."

"Man janareta ba zai kai azahar ba."

Na duba, fayil ɗin na nan daram, sunaye a cike. Amma manhajar ta ƙi ganinsa. A waje surutu ya fara sauya launi. Na ji wani yana cewa an ɓoye sunayen ne don a karkatar da takin. Wani dattijo makiyayi, wanda shi ma yake noma, ya tsaya a bakin taga.

"Ɗana, da sunana a ciki?"

"Akwai, Baba."

"To nuna mini."

Ban iya ba. Can dabara ta zo mini, na sa manhajar ta rubuto adireshin yadda ita take karanta shi. Sai ga C: da wani fili, sannan "aki". A layi na ƙasa kuma "oma.dat". Harafin t da n sun ɓace.

Nan na tuna. A yaren kwamfutar da na yi rubutun, 'yar sandar nan mai jingina baya da ke cikin adireshin umarni ce. In ta haɗu da t, a bar fili ke nan, in ta haɗu da n, a sauka sabon layi. In sandar kanta kake so, sai ka rubuta ta sau biyu. Na mayar da shi C:\\taki\\noma.dat, na yi bisimilla, na danna.

Firinta ta fara ƙara. Shugaba ya tsaya a kanta yana yage shafi-shafi yana miƙa wa mai kiran suna. Sunan dattijon na shafi na uku.

Ba a gama fitar da sunayen Doguwa ba janareta ya mutu. Ragowar da hannu na kwafa daga tsohuwar rijista, har la'asar.