Toron Malam Sambo

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni Gangara ba, a shekarun farin nan da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi. Ku sababbin shiga aikin nan, ga yadda tsarin yake: mai dabba ya kawo ƙara, babban malami ya saurara a inuwa, ƙaramin malami ya hau babur ya sha rana. Shanu na faɗuwa a daji saboda yunwa, amma ni gagarumin aikin da aka zaɓa mini shi ne in je in duba agwagwa mai mugun hali.

Mai ƙarar Malam Sambo ne, dattijo mai karantar da Alƙur'ani. Wani tsohon ɗalibinsa daga Burkusuma ya kawo masa 'yan agwagi tsaraba, toro da mata biyu, ya raine su kamar jikoki, ba don ci ba, ba don kasuwa ba. Na same shi a tsakar gida da wuƙa a gefen tabarma, toron kuwa an ɗaure ƙafarsa a jikin turmi yana jiran hukunci.

"Malamin dabba, duba min wanga azzalumi," in ji shi. "In hauka ce, ka yi mai allura. In halinai ne, yau za ni yanka shi."

Laifin kuwa ga shi. Tun da suka yi gashin girma, da an zuba ruwa a daro sai toron ya cafki ƙeyar ɗaya daga cikin matan, ya haye ta, ya danna kanta cikin ruwa. Malam ya ƙare ranin nan yana raba faɗan mutane a bakin rijiya, don haka nan take ya gane matsalar: rowar ruwa ce. Sai ya yanke hukuncin adalci, aka raba su da zana, kowa da daronsa. Adalcin ya yi kyau ƙwarai, musamman da yake ba Malam ke ɗebo ruwan ba. Matarsa Inna A'i ce ke bin layi a rijiyar bayan gari, inda ake kwalfar ruwa da ƙwarya. Duk da haka, da toron ya sami kafa a zanar sai ya koma halinsa.

Na roƙa a kwance wanda ake tuhuma, a haɗa su a daro ɗaya. Ko minti ba a yi ba, macen da ake zalunta ta fara gyaɗa masa kai, ya gyaɗa mata, ta shimfiɗa wuya a kan ruwa. Gogan ya yi abin da ya saba.

"Ka gani! Ka gani da idonka!" in ji Malam, yana laluben wuƙa.

Ita kuwa baiwar Allah ta tashi ta yi wanka, ta kakkaɓe fukafukai cikin nishaɗi. Nan take na gane abin da ke faruwa. A makaranta an koya mana sunayen cututtuka masu tsawo, amma ba wanda ya koya mana yadda ake faɗa wa sa'an mahaifinka wannan magana, matarsa na tsaye a ƙofar madafa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba Malam, ba faɗa ba ne. Girma sunka yi. Wanga shi ne aurensu. Gyaɗa kan nan yarda ce, ƙeyar kuma yana riƙewa ne kada ya zame. Sai in ka ga wuyanta ya yi sanƙo da rauni, sannan a raba su ta huta."

Malam ya dubi daron, ya dube ni.

"Cikin ruwan sha? Da rana tsaka?" Sai ya juya ga matarsa. "Ke kin san haka?"

"Malam, gidanmu cikin agwagi na tashi."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Da wane baki? Na ce a bar su, ka ce ina goyon bayan mai ƙarhi."

Inna A'i ta baro ƙofar madafa. Ta ɗauki sauran daro biyun ta juye wa akuya, ta kife su, ta yaye zanar. Da ta zo wucewa ta gabana tana murza wuya, ta ce a hankali, "Ɗana, da tun farkon rani ka zo."

Wuƙa ta koma kube, toro ya koma bakin aikinsa. Ni kuwa har na koma wurin aikinmu a garin Isa ban iya yin dariya ba, wuyan Inna nake tunawa.

Abin da na koya ranar shi ne, sau da yawa a aikinmu akwai wanda ya riga ku sanin amsa a cikin gidan, baƙo kawai ake jira wanda zai iya buɗe baki ya faɗa. Saboda haka in an kira ku, ko don agwagwa ne, ku hau babur da wuri. Inna A'i rani guda ta yi tana ɗauko kunyarta a ka, tulu bayan tulu, daga rijiya.