Shekarar da Ƙorama Ta Ƙi Kwashe Shara

Wata Alhamis bayan azahar, a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu, na ga ruwa yana tafiya da baya. Ina tsaye a bakin dangar gidanmu a Gadarif, ƙanena Sale a ƙuguna, ina kallon ƙoramar da ta ratsa bayan unguwarmu, wadda muke kira hor. Tun da na yi wayo na san hanyarta: ta gangaro daga wajen duwatsu, ta kutsa ta ƙarƙashin gadar hanyar kasuwa, ta wuce yamma abinta. A ranar kuwa da ta iso gada sai ta tsaya, ta kumbura, ta juyo tana lallaɓowa cikin lungunmu, baƙi ƙirin da laka, ledoji suna yawo a kanta. Na ƙwala wa Inna kira. Ta fito da muciya a hannu, ta dubi ruwan. Ba ta kalli ɗakunanmu na ciyawa ba, ba ta kalli awaki ba, idonta ya tafi kai tsaye kan wani ɗan tudun ƙasa da ke kusurwar gida. A ƙarƙashin tudun nan abincinmu na shekara yake.

Matmura muke ce masa, wato ramin ajiyar hatsi. Baba ɗan ƙwadago ne a manyan gonakin da ake nomawa da tarakta can wajen hanyar Gallabat. Shi ne cirar ciyawa da damina, shi ne yankan riɗi, shi ne yankan dawa, kuma wani ɓangare na ladansa da dawa ake biyansa. Idan kaka ta yi sai ya share ramin, ya shimfiɗe shi da ƙaiƙayi, ya juye dawar, ya sake rufewa da ƙaiƙayi, ya bi da ƙasa ya daddaɓe har ta yi tudu. Duk gidan babu wurin da ya fi daɗin 'yar carafke kamar kan tudun nan, don ya fi ko'ina santsi, kuma babu inda aka fi korarmu kamar nan. Baba ba ya duka, sai dai ya ce, "Ku sauka, kuna tsaye a kan tuwonku." Ruwan sama bai taɓa damun matmura ba, yana sauka ya gangare. Abin tsoro shi ne ruwan da ya kwanta. Ƙasarmu baƙa ce, da rani tana tsagewa har hannun yaro ya shige zuwa gwiwa, kuma ruwan da ya samu wurin zama ta waɗannan tsagogi yake bi ya sauka.

Akwai wata al'ada da muka taso muka tarar. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a kudu, kowane gida sai ya yi babbar shara, a kwashe tarkacen shekara a kai hor. Tsohon kara, toka, fasasshiyar ƙwarya, yagaggiyar tabarmar kaba, kashin awaki, duk can ake juyewa, a ce ruwan farko zai kwashe. Kuma yana kwashewa. Kakanninmu haka suka yi, washegari a wayi gari cikin hor fes, yashi sabo kamar an wanke. Matar da hadari ya samu gidanta ba a share ba, ta shiga bakin maƙwabta har kaka. Mu yara kuwa wannan aiki ba ma gudunsa, don ana juye kwando sai a zarce wasa cikin yashi, a dawo gida da ƙafa fari fat a sha faɗa. Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne, sharar ta canza, al'adar ba ta canza ba.

Ina iya tuna lokacin da leda, wadda muke kira kis, take da daraja. Inna takan wanke ta, ta shanya a kan danga, ta ninke ta sa ƙarƙashin katifa. Idan na samu mai hannu biyu na zuba littattafaina, ranar ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa. A lokacin kasuwa da guffa ake zuwa, kwandon kaba mai hannu, mai a kwalba, agashe a takarda. Ban san yadda aka yi ba, cikin 'yan shekaru kis ya zama kyauta. Sukari a kis, gishiri a kis, waken karin kumallon makaranta a kis, har madara mai zafi. Guffar Inna ta koma rataye a bayan ɗaki, kaza ta maishe ta wurin ƙwai.

Idan ana neman wadda ta fi kowa watsa leda a unguwarmu, to Hala Batula ce, maƙwabciyarmu ta sama. Bahaushiya ce 'yar garin Mafaza da ke bakin kogin Rahad, 'yar masunta, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku da murya wadda ake ji daga bakin kasuwa. Dandurma take sayarwa a ƙofar makarantarmu: ruwan kuka, na soɓo, na tsamiya, ta ƙulla a ƙananan ledoji, ta kai wa wani mai kanti ya daskarar mata a firiza. Da an kaɗa ƙararrawar karin kumallo, mu fito daga layin waƙoƙin da ake sa mu rerawa kowace safiya da maƙogwaro a bushe, mu yi kanta. A ciji kusurwa, a tsotse, a yar. Shingen ƙayar makarantar nan kullum a lulluɓe yake da ledojinta. Ita da Inna kuwa ba sa ga maciji. Inna takan ce matar nan bakinta ba ya hutawa, ita kuma tana cewa Inna na ɗaga hanci don tana da matmura. Hala Batula ba ta da rami, abin da za ta tuƙa kullum a kasuwa take aunowa, gidanta kuma a kan tudu yake inda ruwa ba ya kaiwa.

A ranar Alhamis ɗin nan babu namiji mai ƙarfi a lungunmu. Manya suna gonaki wajen cirar ciyawa, hanya ta zama laka, ko babbar mota ba ta shiga. Samari kuwa shekarun ne da ake tare su a hanya a kai su horon soja, wanda ba a kama ba ya gudu ƙauye. Sai tsofaffi da mata da mu. Inna ta ɗauki fartanya ta fara tara ƙasa kewaye da tudun, ni ina kwarfar ruwa da kwano ina watsawa bayan danga, yana dawowa ta ƙasa. Ya kai idon sawu, ya wuce. Na ɗaga kai na ga hawaye a fuskar Inna, fartanyar dai take ta sara. Wannan ne karo na farko da na ji tsoron yunwa, ni da ban taɓa kwana da ita ba.

Sai ga Hala Batula ta turo ƙofar kara, zani a ɗaure sama da gwiwa.

"Ya Ummu Hawwa, bar wannan, ba a tare hor da kwano. Bakin gada ne ya toshe. Yalla, taho mu buɗe."

Inna ta ce mata babu wadda ta iya ruwa a cikinsu, kuma ita Hala Batula tana da marayu.

"Ni a Rahad na yi wayo. Ku dai ku riƙe igiya, kada ku sake ni."

Muryar nan da Inna ke ƙorafi a kai ita ta tara matan lungu kafin mu isa gada. Aka kwance igiyar amalanken jakin mai ruwa, aka ɗaura mata a ƙugu, ta karɓi laujen yankan riɗi ta shiga. Ruwa ya kai mata ƙirji. Gadar ba wata babba ba ce, manyan bututun siminti ne a ƙarƙashin hanya, kuma sharar da dukanmu muka juye ta taru a bakinsu. Kara da rassan ƙaya sun gicciye, leda ta bi ta cike kowace kafa, ta saƙe su kamar tabarma. Tana sara tana fizgowa tana miƙowa, mata suna karɓa hannu zuwa hannu, mu yara muna ja zuwa kan hanya. Abin yana da nauyi da wari, ƙaya ta yi mana kaca-kaca da hannuwa. Can ta ɗago wani dunƙule, ta tsaya tana kallonsa. Ƙananan ledoji ne, kowace da ƙulli a wuya da cizo a kusurwa. Ta yi dariya a tsakiyar ruwan ta ce, "Wallahi kayana ne. Ƙullina ne wannan."

Abin da ba mu sani ba, ita ta sani, shi ne haɗarin yana lokacin buɗewa. Da toshiyar ta saki, ruwan ya yi wata ƙara, ya fizge ta ya maka ta da bakin bututun. Igiya ta miƙe. Na ga Inna a gaba, ta naɗe igiyar a hannu, ta kafa dugadugai a laka tana salati, sauran mata a bayanta suna ja. Da ƙyar aka fito da ita, babu mayafi, ƙwaurinta a tsage yana jini. Aka zaunar da ita a kan hanya tana haki, tana zagin laujen da ya tafi. Kafin magariba ruwan ya janye daga gidanmu, ya bar laka da ledoji a jikin danga.

Ba a buɗe matmura cikin danshi, don haka muka zauna da zullumi har aka samu 'yan kwanaki na rana, Baba ya iso a ƙafa da labarin ya kai masa. Ya kwashe ƙasa, ya ɗaga ƙaiƙayi. Dawar sama ta jiƙe, har ta yi tsiro fari. Ya kwashe ta gefe, ya zura hannu har kafaɗa, ya damƙo ta ƙasa, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki. Muka ji ta ce ƙas. Sai ya zauna a bakin ramin ya daɗe bai tashi ba. Wadda ta yi tsiron Inna ta so ta ba awaki, Hala Batula ta ɗingiso ta ce wa ya taɓa ba akuya kayan azumi. Aka wanke, aka shanya, aka niƙa aka ajiye, da watan Ramadan ya zo su biyu suka zauna a murhu ɗaya suka yi hilu mur, abin shan buɗa-baki da ake yi da tsirarriyar dawa. Baba ya kai wa Hala Batula buhu har gida. Mun ɗauka za ta yi kawaici, sai ta ce ya ajiye can ciki, ai ta ci guminta.

Bayan ƙafarta ta yi sauƙi ta aike ni in tambayi malamarmu ina ne hor yake kaiwa. Malama ta zana mini a allo: hor ya faɗa Rahad, Rahad ya faɗa babban kogi, kogi ya wuce Hartum ya wuce Masar, ya ƙare a tekun gishiri. Na dawo na faɗa mata tiryan-tiryan. Ta ce 'yan'uwanta a Mafaza sun daɗe suna kukan leda a cikin taru, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa tata ce ba. Sannan ta ce, "To duk shekarun nan a kan wa muke zubawa?"

Daga nan ta daina ƙulla dandurma. Ta koma zuwa makaranta da tulu da kofunan ƙarfe, a sha a tsaye a mayar mata ta ɗauraye. Mu kuwa, Allah ya yafe wa yara, ƙanƙara muke so, wadda za a tafi da ita ana tsotsa, sai yawancinmu suka koma wajen wata da ta buɗe sana'ar a ɗaya ƙofar. Cinikinta ya ja baya sosai, har ta haɗa da wankau. Ba zan ce unguwa ta gyaru ba. An yi shekara biyu ko uku ana ware leda, daga baya aka koma gidan jiya. Amma Inna ta kori kaza daga guffa, kuma daga gidanmu ba a sake kai leda hor ba.

Na girma, na yi aure, har Allah ya nufe ni da zuwa Umara ta jirgin ruwa daga Sawakin. Ranar na fara ganin teku. Mun yi nisa har ƙasa ta ɓace, na leƙa ƙasa, ruwa garau, ga ledoji suna tafiya a ciki a hankali, babu gada da za ta tare su, babu mai shiga da igiya a ƙugu. Wani ma'aikacin jirgi ya ce kunkuru da kifi suna haɗiye su su mutu. Na san ba wannan tekun malama ta zana mini ba, amma kowace leda a cikinsu daga hannun wani ta fito, wanda ya yar ya juya baya yana ganin an kwashe.

Yanzu idan na je Gadarif, ruwan sha ma a roba yake, itatuwan bakin hor kuma ba a ganin ganyensu sosai saboda ledoji. Matmura ta yi wuya a cikin gari, Baba da Inna sun riga mu gidan gaskiya, Hala Batula ma ta bi su, da ɗingishin da bai taɓa barinta ba. 'Ya'yana suna mini dariya idan na ɗauki kwando zan tafi kasuwa, ko na mayar wa mai kanti ledarsa, suna cewa tsufa ne ya zo da wuri. Ina barinsu su yi. Nakan yi kewar lungun nan da matan da suka riƙe igiya, kuma duk addu'ar da zan yi wa iyayena sai na sa sunanta a ciki. Tuwon da muka ci a shekarar nan, ita ta tsamo mana shi.