Dattijon da Ke Gudun Layi Ya Zo Kansa

Ranar Juma'a ce, layi har waje a shagon soyayyen kifi da dankali na unguwarmu a Barnsley. A gabana akwai wani dogon dattijo. Kwat ɗinsa mai tsada ce, amma tsayuwarsa irin ta 'ya'yan masu haƙar kwal ce, hannu a aljihu, kafaɗa a ɗage. Ya karkata kai, kunnensa na wajen hirar da muke yi da maƙwabciyata.

A garin nan mutum ba ya barin gurbinsa a layi ko uwarsa ce ta zo. Shi kuwa sau uku ke nan yana matsawa gefe, matan da ke tsakaninmu da shi suna wucewa, yana ce wa kowacce:

"Wuce, 'yar'uwa, ban gama shawara ba."

Abinci kala biyu ne kacal a shagon.

Glenys mai suya ta nuna shi da cokali. "Ba wata shawara, sata yake yi. Shekara talatin yana kwashe maganarmu yana kai wa talabijin. Kai, in za ka sake saka ni a wasanka, ka daina kashe mini miji."

"Ai ke kika ce kin gaji da shi," in ji shi, yana lalubo guntun fensir.

Ina jin yana da katafaren gida a Landan, inda ba mai yi masa tsiya haka, kuma kewar tsiyar ce ke dawo da shi.

Na ci gaba da ba maƙwabciyata labarin ranar da aka rufe masaƙarmu. Fensir na ta motsi. Sai na ɗan ɗaga murya, kada ya rubuta ba daidai ba.