Jan Haske a Ɗakin Mai Hoto

Tsakanin ƙofata da ta Mai Hoto taku biyar ne, shekara ashirin da biyu ke nan. Ni facin taya nake yi a bakin titi, shi kuwa tun ina saurayi yake ɗaukar mutane hoto. Dogo ne siriri, gilashinsa kullum a goshi, shi kuma yana laluben aljihu yana nemansa. Duk wanda aka haifa a layinmu ya taɓa zama a kujerar nan tasa mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, ya ji an ce masa, "Ɗaga haɓa. Kar ka yi numfashi."

A bayan shagonsa akwai ɗakin duhu, inda yake wanke hotuna a ƙarƙashin wani jan ƙwan lantarki. Ya sha gaya mini farin haske ne ke ƙone fim, ja kuwa aboki ne, in ka gan shi sai ka yi aikinka hankali kwance.

Da wayoyi suka kashe masa kasuwa, ya rufe shago, ya sayi kwamfuta ta hannu, ya shekara uku yana shigar da tsofaffin fim ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Bai fi wata biyu da gamawa ba rufinsa ya yi yoyo, fim ɗin suka manne suka zama dunƙule. Sai abin da ke cikin kwamfutar ya rage, hoto dubu goma sha ɗaya. A ciki akwai guda ɗaya tak na marigayiya matarsa tana dariya. Mace ce da ba ta yarda da kyamara ba, sau ɗaya ya shammace ta tana shanya. Kullum in ya karya kumallo sai ya buɗe ya gaishe ta.

Akwai nawa ma a ciki, da suma kamar kwando da wando mai share titi. Da shi yake rufe mini baki in na matsa masa da tsiya.

To, ranar wata Laraba da hantsi na leƙa aron filaya, sai na ga wani jan rubutu ya cika rabin fuskar kwamfutar.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Kwana uku ke nan. Ja ne ai, lafiya lau."

Ni dai aji uku na yi aka ce in huta, rubutun bai gaya mini komai ba. Amma na zauna da direbobi. Na ce, "A ɗakin duhunka ne ja yake aboki! A mota in ja ya kama, sauka ake yi a buɗe gaba!"

Na ɗauki hoton abin da wayata na tura wa 'yarsa, wadda muke kira Nas tun kafin ta fara aikin asibiti. Ko minti ba a yi ba sai ga kira.

"Kawu, cire wayar intanet daga bayan kwamfutar yanzu-yanzu! Cuta ce ta shiga. Kar ka bar Baba ya danna komai, ina tashi aiki zan zo."

Na yi tsalle ɗaya na fizge waya, sai fanka ta mutu. Na fizge ta biyu, rediyo ta yi shiru. A ta uku na dace. Ina juyowa zan yi masa dariya, sai na gan shi zaune a ƙasa, hannu a ka.

Ya ce, "Hotonta fa, Mai Faci? Ba ni da wani."

Nan na bar tsiya. Na rufe rumfata, na dawo na zauna gadinsa, don na san hannunsa da ƙaiƙayi.

Da yamma Nas ta iso da farin kayanta, ko zama ba ta yi ba ta karanta jan rubutun. Ta ce wani mugun shiri ne da ake turowa ta intanet, yana bin tsofaffin manhajoji yana neman ɓarakar da zai kutsa. Manhajar tsaro ta cafke shi ta killace, kamar yadda suke yi wa mai cuta mai yaɗuwa. Abin da ba a sani ba shi ne ko shi kaɗai ya shigo.

"Baba, in kwamfuta ta ce a sabunta ta, me kake dannawa?"

"Daga baya."

"Tun yaushe?"

Ya dubi rufi. "Shekara huɗu. Ai ruwan wanke hoto in yana fitar da hoto mai kyau ba a canza haɗinsa."

Ta ce, "Wannan sabuntawar da kake kora ita ce ke toshe ɓarakar."

Na miƙe tsaye. "Faci ke nan! Yaya, shekara ashirin kana raina sana'ata, ashe kwamfutarka huda ce da ita kana tuƙa ta a haka!"

"Kawu, zauna, kana tare mini haske."

Ta sa a bincike kwamfutar gaba ɗaya. Awa biyu wani siririn layi yana rarrafe, mu uku mun zuba masa ido kamar masu jiran sakamakon gwajin jini. Mai ɗakina ta leƙo sau biyu, na ce mata ana tiyata. Can sai aka ga mugun shiri na biyu, ya laɓe a cikin wata takardar da ya sauko da ita wai ta garaɓasar kyamara. Nas ta goge su duka biyun, ta sake bincike, fuskar kwamfutar ta koma kore.

Ta tura masa kujera. "Baba, buɗe."

Ya kasa. Ita ta danna. Sai ga marigayiya, zane a kafaɗa, baki har kunne, tana nuna mai kyamarar da yatsa.

Na kurma ihu har maƙwabta suka fito da takalmi ɗai-ɗai. Shi kuwa ya kai hannu goshi ya sauko da gilashinsa ba tare da ya neme shi ba, karo na farko a sanina.

Nas ba ta tafi ba sai da ta kwafe hotunan a ma'ajiya biyu, ɗaya ta jefa a jakarta. Ta mayar da intanet, ta bar kwamfutar ta sha facin shekara huɗu, ta canza kalmar sirrin da duk layin nan suka san ɗaya-biyu-uku-huɗu ce.

Washegari Mai Hoto ya je ya buga hoton marigayiya babba, ya rataye a bango. Ya ce takarda dai ba mai kutsa mata.

Na ce, "Rufinka fa?"

Haka na hau da tsohon tub da gam na liƙe masa yoyon. Ina saukowa na tarar da direbobi sun cika rumfata suna riƙe ciki don dariya. Ashe ya buga nawa hoton ma, ya manna a jikin injin iska, sumar da wandon duka.