Ranar da Na Je Koyon Kuka a Challawa

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da yayana, wanda ya ce ba zai bar ni in shiga kamfani ni kaɗai ba. Shekarata shida ina fim, kuma duk wanda ya san ni da kuka ya san ni. Yanzu ne aka fara ba ni babban matsayi a wani shiri mai dogon zango, zan fito a ma'aikaciyar kamfani. Darakta ya ce hawayena ya sa ya ɗauke ni, amma in je in ga yadda ma'aikatan suke tsayawa kafin Litinin.

Mun shiga adaidaita da wasu mata biyu, kowacce da kwanon abincinta a cinya. Ta Sharada muka bi, inda mutane ke ta kwarara cikin ƙofofin ƙarfe, ba mai waiwayen wani. Ni da na saba a nuna ni a titi, har gyara zama na yi, ba wanda ya kula. Daga Panshekara tireloli suka cinye hanya, warin jima ya tare mu tun kafin mu ga Challawa. Yayana ya toshe hanci, matan suka yi masa dariya.

Kamfanin saƙar buhu ne, wani abokin yayana ya nema mana izini. Aka haɗa ni da wata dattijuwa da ta daɗe a kan inji. Kallo ɗaya ta yi wa dogon hijabina, ta tattare shi ta ƙulle mini a baya, ta nuna bakin injin. Na gane.

A ciki ba a magana. Ƙarar ta fi ƙarfin murya, da hannu ake komai: yatsa biyu, zare ya tsinke, tafi a ƙirji, zan je salla. Ni kuwa shafi biyu na haddace da zan faɗa a gaban inji ina kuka. Awa huɗu na tsaya, ƙafafuna suka yi tsami, idon dattijuwar bai bar zaren ba ko sau ɗaya.

Da aka fita hutu muka ci garau-garau a gindin katanga, mai yaji ƙwarai, ga araha. Nan ta ce ta gane ni tun da safe, 'yarta ba ta barin shirina ya wuce. Na ji daɗi, har na karanta mata abin da zan faɗa. Ta saurara tana suɗe cokali.

"'Yar nan, waye ya rubuta wannan?"

"Marubucinmu ne, Inna."

"Bai taɓa zuwa nan ba. Kina share hawaye inji zai tafi da yatsarki. Ranar da aka aiko mini mijina ya rasu, sai da na kashe injin, na miƙa wa ta kusa da ni almakashi, sannan na fita." Ta rufe kwanonta. "Ki yi mu yadda muke. Kar ki sa yarinyata ta kalla ta fara jin tausayina."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a gaban kyamara ba.

Mun dawo bayan la'asar, kunnuwana na ta ƙara har gida. Tafiyar ta nuna mini cewa shekara shida ina yi wa mutane kuka ban taɓa tambayarsu ko suna so ba. Na kira darakta na ce zan yi fitowar, amma ba hawaye, ba dogon zance. Ya ce masu kallo kukan suke jira, kuma akwai 'yan mata uku da za su yi shi gobe. Na ce na sani. Ya ce zai duba.

A sana'armu kowa ya san abin da "zan duba" ke nufi. Litinin ta wuce, bai kira ba, ni ma ban kira ba.