Mai Ƙofa Ya Dubi Hagu

Mai Fenti yana kan tsani, yana fesa wa gefen wata doguwar bas shuɗin fenti, sai ya ga shugaban sashe ya shigo rumfar ba takunkumi a hancinsa, shi da yake korar duk wanda ya shigo haka. Ya ɗaga hannu aka kashe inji.

"Sauko, Mai Fenti. Sauko tukuna."

Bai faɗa ba sai da ƙafar Mai Fenti ta taɓa ƙasa. Mai Ƙofa ya rasu a reshen kamfani na ƙasar waje, kwanansa tara da sauka. Har an binne shi a can.

Shekara ashirin da shida suka yi a layi ɗaya. Bas ta fito daga wurin masu walda, Mai Fenti ya yi mata kala, ta gangara wurin Mai Ƙofa ya rataya mata ƙofofi. Ba irin da kamfanin ke ƙerawa da ba ta bi ta hannunsa ba: ta cikin gari mai ƙofa uku, doguwa ta tafiyar nesa mai kujerun kishingiɗa, 'yar ƙarama ta makaranta, da mai haɗe biyu da ke lanƙwashewa a tsakiya. Ko da aka kawo mai lantarki samari suna ta zumuɗi, shi cewa ya yi, "Ta sha mai ko ta sha wuta, ta ƙofa dai za a shiga."

Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, kullum da fensir a bayan kunne. In ya gama ƙofa sai ya rufe ta sau uku, ya kara kunne. In bai ji ƙarar da yake so ba ya kwance ta, ko da an tashi daga aiki.

Bai taɓa tsallaka iyakar ƙasa ba, amma ya san duniya ta ƙofa. Takardar aiki in ta zo ba ya neman sunan ƙasar da za a kai motar. Roba mai kauri, ya ce mutanen sanyi ne. Matakala mai tsawo, ya ce hanyarsu ramuka ce, Allah ya ba su haƙuri. In kuwa sitiyari na dama ƙofa na hagu, sai ya kwaɗa wa Mai Fenti kira, "Mutumina, ga ta bahagwai ta zo! Su komai a juye suke yi, motarsu ma hagun titi take bi." Yara sabbin ɗauka ya sha dukan ƙeyarsu a kan wannan. Shi bai taɓa huda gefen da ba daidai ba.

Abu guda yake so, ya faɗa ya fi sau ɗari: ya ga ɗaya daga cikin motocin nan a ƙasarsu, mutane na shiga ta ƙofarsa.

Da kamfani ya nemi tsohon hannu ɗaya ya je sabon reshe a ƙasar bahagwai ya koyar na wata uku, sunan Mai Fenti ne ya fito. Shi ne ya taka har ofishin manaja ya ce fenti ai inji ke yi musu a can, ƙofa ce ke ba su wahala, a tura amininsa. Uwar yaran Mai Ƙofa ba ta so ba. Ta ce, "Baban yara fa ko kasuwa na aike shi sai ya ɓata hanya." Mai Fenti ya daki ƙirji a tsakar gidanta ya ce, "Uwargida, ni na tsaya masa."

Wanda suke tare da Mai Ƙofa a safiyar da abin ya faru shi ya ba da labari. Sun fito daga masauki za su aiki, sai Mai Ƙofa ya hango bas ɗinsu a tsallaken titi ta tsaya, ma'aikata na hawa. Ya kama nuna ta yana dariya. Ya dubi hagu kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ga ba mota, ya sa ƙafa. Motar kaya ta fito ta damansa.

Mutumin da ya koya wa kowa ɓangaren da bahagwai ke bi, hannunsa ya sani, wuyansa bai sani ba.

Mai Fenti ya je gidan yana fatan a zage shi. Uwargida ta shimfiɗa masa tabarma, ta sa autarta ta kawo masa ruwa, ta ce, "Ka yi haƙuri, kai ma ka yi rashi." Da ta ɗauki taɓarya ta sauke masa da ya fi sauƙi. Babu kabarin da zai je. Yanzu in ya gama fenti motar takan gangara wurin wani, a rufe ƙofa sau ɗaya a wuce.

Ranar tafiyar Mai Fenti ne ya riƙe masa jaka har bakin motar da za ta kai shi filin jirgi. Mai Ƙofa ya sa takalmin da ke matsa masa, sai gumi yake.

"To, ba za ka gode mini ba?" in ji Mai Fenti.

"Godiyar me? Ban gani ba tukuna. In wurin da daɗi na dawo na gode maka. In ba daɗi na dawo na zage ka tas."

"Zage ni yanzu mana, mu huta."

"Kai, tsohon banza, ba ka ga direba na jirana ba? Ajiye mini zagin sai na dawo."