Katin bashi na biyu da tambayar Baba

Muna ɓarar gyaɗa a zaure ni da Baba, a ƙauyenmu kusa da Zakirai, sai wata ma'aikaciyar banki ta kira ni. Wai an amince da katin bashi na biyu da na nema jiya.

Ni ɗalibi ne, ko sisi ba na samu, bashin katin farkon ma da na ci a makaranta saboda tsadar abinci ban gama biya ba. Wallahi na ɗauka za su ƙi. Saurin yardar nan ne ya sa na fara shakka.

Ta ce saura abu biyu, in ba su lambar wayar mahaifina, kuma wai muna da gona?

Baba ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

"'Yata, ni ne uban. Yaron nan ko akuya ba shi da ita. Me kuka gani a jikinsa?"

"Baba, mun yarda da shi ne kawai."

"Ikon Allah! Ni da na haife shi ban taɓa ba shi ajiyar kuɗin taki ba."

Ya kashe, ya ci gaba da ɓararsa. Can ya ce, "Sani, mai ba da bashin damina ba fuskarka yake kallo ba, gonarka yake kewayawa. Kai ba ka da gona. To ta wa suka kewaya?"

Na fasa karɓar katin.

Jama'a, ku da kuka karɓa, gonar wa aka tambaye ku?